Idan Fayil Ya Ƙi Hawa: Sana'ar Masu Kafe a Dutse

A Dutse yau, yaro kan gama sakandare da sakamako mai kyau, takardunsa cif-cif a cikin leda, kuɗin fom a aljihu, amma hoton fasfo guda ɗaya ya tsaya tsakaninsa da gurbin karatu ko na aiki. An danna maɓallin aikawa, 'yar da'ira ta yi ta juyi a fuskar kwamfuta, can sai farin shafi ya fito da lamba mai alƙaluma uku da ɗan guntun Turanci a ƙarƙashinta. Fayil bai hau ba, ranar rufe fotal kuma tana ƙaratowa. A kan wannan tsaikon ne masu kafe, wato masu shagunan intanet, suke cin abinci, kuma a kansa ne ake gane gwaninsu. Buga rubutu da fotokwafi kowa zai iya koya cikin 'yan makonni. Gano dalilin da ya sa takarda ta maƙale tsakanin shago da na'urar da ke wani gari, wadda mai shagon bai taɓa ganinta ba, wannan shi ne sana'ar.

Tushenta bai yi nisa ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Kano, masu tafireta da injin fotokwafi suka biyo su suka kafa tebur kusa da ofisoshi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta shiga harkar fasahar sadarwa da ƙarfi: aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse, aka buɗe cibiyar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, wadda ta yaye samari da 'yan mata da dama da suka watsu cikin ma'aikatu da shaguna. Amma abin da ya mayar da ɗora takardu sana'a mai zaman kanta ya zo ne daga baya, lokacin da hukumomi ɗaya bayan ɗaya suka daina karɓar fom hannu da hannu. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, sannan daga 2021 ta ce sai da lambar NIN. Rajistar bautar ƙasa ta koma intanet, kuma sansanin horon na Jigawa yana nan Fanisau. N-Power ta zo a 2016, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya buɗe fotal a watan Mayun 2024. Ƙara da ɗaukar 'yan sanda da soja da jami'an shige da fice, da tallafin karatu na jiha. Rajistar JAMB kanta an keɓe ta ga cibiyoyin da hukumar ta amince da su, amma kusan duk sauran yana ƙarewa ne a kan teburin mai kafe.

Shagunan sun taru inda ɗalibai da ma'aikata suke, wato wajen jami'a, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da sakatariya, da bakin kasuwa. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta biyu ko uku, galibi kwance ce ta ƙasar waje, da firinta, da sikana, da injin manna leda, da wani yanki na farin yadi a bango don ɗaukar fasfo. Sai layukan waya biyu ko uku, MTN da Airtel da Glo, domin wanda ke jan data da safe ba lallai ya ja da yamma ba. Masu zuwa kuwa ba 'yan cikin gari kaɗai ba ne. Akwai na Kiyawa da Jahun da Miga, akwai na Birnin Kudu da Buji da Gwaram, waɗanda sau da yawa sun riga sun gwada a garinsu abin ya faskara, suka biya kuɗin mota suka taho.

Yaron shago yana fara koyo ne daga fotokwafi da yankan fasfo. In hannunsa ya faɗa, a ba shi buga rubutu, sannan sikanin. Cika wa mutum fom shi ne na ƙarshe, domin harafi ɗaya da aka kuskure a suna ko ranar haihuwa kan jawo wa mai shi zirga-zirgar kotu neman takardar rantsuwa. Ko bayan ya kai nan, idan fayil ya ƙi hawa, maigida ake kira.

Ga yadda abin kan kasance. Dattijo ya shigo da 'yarsa, ya zaro takardunta daga cikin leda, sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Yaro ya yi sikanin, ya cika fom, ya danna, abu ya dawo. Ya sake dannawa, ya sake dawowa. Dattijo ya matso ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko?" Yaro ya ce, "Baba, sabis ne." Wannan ita ce amsar da aka fi ji a sana'ar, kuma sau da yawa ba ita ce gaskiya ba. Maigida in ya zo, ba ya taɓa maɓallin aikawa. Zai fara buɗe wani shafin daban ya ga ko yana buɗewa. In ya buɗe nan take, to layi lafiya lau. Sai ya koma kan fayil ɗin ya duba abu uku: nauyinsa, nau'insa, da sunan da aka raɗa masa. Ya ga sakamakon jarrabawar an ɗauke shi da launi, ya haura megabayit uku. Ya ce da yaron ya mayar da takardar cikin sikana, ya cire launi, ya rage ƙarfin ɗauka daga 300 zuwa 150, ya yanke farin gefen da ba a buƙata. Fayil ya sauko zuwa 'yan ɗaruruwan kilobayit. Kafin ya aika sai ya ƙara girman hoton a fuskar kwamfuta, ya kira yarinyar: "Ƙanwata, zo ki karanta min lambar jarrabawarki a nan." Sai da ta karanta ta daidai, alƙalami bayan alƙalami, sannan ya danna.

Wannan kiran da ya yi mata shi ne abin da na fi girmamawa a aikin. Matse fayil abu ne mai sauƙi; akwai shafukan da za su matse maka shi cikin daƙiƙa, wasu ma kan tura hoton ta WhatsApp su sake sauke shi don ya yi sauƙi. Amma takardar da aka matse har hatimi ya dushe, lambobi suka narke cikin juna, za ta hau fotal lafiya, sai bayan watanni wani jami'in tantancewa ya kasa karanta ta ya ajiye ta gefe. Lokacin mai kafe ya daɗe da karɓar kuɗinsa, mai takarda kuma ba zai taɓa sanin inda aka yi masa illa ba.

To amma me ya sa fayil ke ƙin hawa? Yawancin mutane suna ɗauka fotal abu ɗaya ne. Alhali a mafi yawan lokuta aƙalla hawa biyu ne, kamar gidan Bahaushe mai zaure da cikin gida. A zaure akwai manhajar da ke karɓar baƙi, wadda ake kira sabar gaba. Shahararru su ne Apache, da ta fito a 1995, da Nginx, wadda wani ɗan Rasha mai suna Igor Sysoev ya fitar a 2004. Aikinta ta karɓi abin da ka aiko ta miƙa ciki. A ciki kuma akwai manhajar da ke yin ainihin aikin, wadda sau da yawa da harshen PHP aka rubuta ta: ita ke duba fom, ta rubuta sunanka a rumbun bayanai, ta ajiye takardarka. Kowanne daga cikin biyun yana da nasa ƙa'idojin, kuma ba dole ne su dace da juna ba.

Lambobin nan da ke fitowa a farin shafi suna faɗin inda tafiyar ta tsaya ne. Idan 413 ce, tun daga gaba aka mayar da fayil saboda nauyi, bai ma isa ciki ba. Idan 502 ce, sabar gaba ta miƙa saƙo amma ba ta sami amsa mai ma'ana daga ciki ba, wataƙila manhajar cikin ta faɗi. Idan 504 ce, ta jira amsa har wa'adin jiran ya ƙare. Ita kuwa 500, kuskure ne ya auku a can wajensu yayin aikin. Gwanin mai kafe ya san cewa a cikin huɗun nan, galibi ta farko ce kaɗai maganinta ke hannunsa. Sauran ukun, komai yawan dannawa da canza layi, yawanci ba daga Dutse za a gyara su ba, sai dai in sabar a Dutse take. Abin da ya rage masa shi ne ya gaya wa mai takarda gaskiya, ya karɓi lambar wayarsa, ya ce ya koma gida zai gwada da dare ko bayan Asuba, lokacin da cunkoso ya ragu.

Akwai wani abu da masu kafe suka gano da gogewa tun kafin wani ya yi musu bayaninsa. Fotal zai rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana karɓar fayil har megabayit biyu, ka ɗora mai megabayit ɗaya da rabi, ya ƙi. Dalili shi ne, Nginx yadda take zuwa daga masu ƙera ta, iyakarta megabayit ɗaya ce, sai in an shiga an ɗaga. PHP kuma tana zuwa da iyakar megabayit biyu ga kowane fayil, da takwas ga jimillar duk abin da aka aiko a fom guda. Wanda ya gina fotal ya dubi iyakar ciki ya rubuta ta a shafi, ya manta da ta gaba. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yarda da abin da aka rubuta. Duk iyakar da aka faɗa, sukan sauko ƙasa da rabinta.

Mafi muni shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa. Idan jimillar takardu ta haura waccan iyaka ta takwas, PHP kan watsar da komai, fom da fayil duka, ba tare da wani gargaɗi ya iso ga mai aikawa ba. Sai shafi ya dawo fayau kamar ba a taɓa cika shi ba, ko ya ce ba a zaɓi fayil ba alhali an zaɓa. Sabon yaro zai sake cikawa daga farko, sau biyu, sau uku. Wanda ya san aiki zai lissafa nauyin takardun gaba ɗaya, ya rage kowacce.

Batun wa'adi ma haka. Nginx kan jira amsar ciki daƙiƙa 60 ne in ba a canza ba, PHP kuma kan ba aiki daƙiƙa 30. Ranar da za a rufe fotal, dubban mutane daga Sakkwato har Fatakwal suna turereniya a ƙofa ɗaya, amsa sai ta makara. A nan ne 504 ke yaudara, domin ba ta ce aikin bai yiwu ba, cewa ta yi an gaji da jira. Mai yiwuwa a ciki an karɓi takardar, an ma rubuta. Wanda ya yi gaggawar sake aikawa kan haifar da rajista biyu da suna ɗaya, in kuma a matakin biyan kuɗi ne, a cire wa talaka kuɗi sau biyu, kuma dawo da su aiki ne ja. Mai hankali yakan fita daga fotal, ya sake shiga, ya duba ko takardar ta bayyana, ya bincika lambar RRR ta Remita ya ga ko biyan ya shiga, kafin ya sake taɓa komai.

Sai wata matsala da ta fi shafar mu. Sa'adu, Rabi'u, Mu'azu, Sa'adatu, Asma'u, duk sunayenmu ne na yau da kullum, kuma duk suna ɗauke da wannan 'yar alama ta sama. A harsunan da ake rubuta manhaja da su, alamar tana da aiki na musamman, tana buɗe magana tana rufe ta. Manhajar da aka rubuta da kulawa ba ta damu da ita ba. Wadda aka rubuta da sakaci kuwa, da ta ci karo da ita a suna ko a sunan fayil, sai ta rikice ta fitar da 500. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, su ma wani lokaci sukan koma wasu alamomi marasa ma'ana a takardar da aka buga. Masu kafe sun koyi sa wa fayil gajeren suna da ƙananan haruffa, babu tazara babu alama. A sunan fayil wannan ba komai ba ne. A sunan mutum kuwa, yana nufin Asma'u ta shiga rajista a wani wuri da alama, a wani wuri babu, sai wata rana wata na'urar ta ce sunayen biyu ba su dace ba. Wannan laifin masu gina fotal ne tsantsa, kuma gyaransa sananne ne ga duk wanda ya koyi aikin da kyau.

Sana'ar tana da wani ɓangare da jama'a ba sa gani, wato ma'aikatan sashen fasaha na makarantu da ma'aikatu, waɗanda makullin sabar ke hannunsu. Abin da mai kafe ke lalube a duhu, su a rubuce yake a gabansu. Kowace saba tana da kundin da take rubuta kurakurai, layi bayan layi, da lokacin da kowanne ya faru. Nginx kan rubuta ƙarara cewa wani ya nemi aiko da abin da ya wuce kima. Wani lokaci kundin zai nuna cewa ma'ajiya ce ta cika maƙil da hotunan shekarun baya, ko kuma manhajar ciki ba ta da izinin rubutu a jakar da ake ajiye fayiloli. Gyaran iyakar nauyi bai wuce layi ɗaya a gaba, biyu a ciki, sannan a sa manhajojin su sake karanta saitinsu. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, zai rantse ya gyara, jama'a kuma suna can suna ta fama.

Abin da ke damuna shi ne babu hanya tsakanin ɓangarorin biyu. Masu kafe ne suke fara sanin fotal ya lalace, domin kafin azahar mutum goma sun zo musu da matsala iri ɗaya, har sun gane a wane mataki take faruwa da kuma wane nauyin fayil ke jawo ta. Wannan bayani ne da ma'aikacin ciki zai yi murnar samu. Amma adireshin imel da ake rubutawa a ƙasan shafi ba kasafai ake samun amsarsa cikin kwanakin da suka rage ba, sai dai a nemi wanda ya san wani. Duk hukumar da ke buɗe fotal ga mutanen jihar nan, ya kamata ta ware lambar waya guda ga masu kafe, ta rubuta iyakar nauyi ta gaskiya, ta sa saƙon kuskure ya fito da maganar da mutum zai fahimta, har da Hausa. Kuma kafin a buɗe, a gwada shi daga wani ƙauyen Miga ko Buji da irin wayar da mutane ke riƙewa, domin fotal ɗin da ke gudu a ofis mai intanet mai ƙarfi bai faɗa maka komai ba game da yadda zai yi a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Ta fuskar samu, gazawar fotal asara ce ga mai shago. Kuɗin aiki ake biyansa, ba kuɗin gwaji ba. Ko ya gwada sau ɗaya ko ya kwana yana yi, farashin ɗaya ne, data kuwa tana tafiya. Wutar KEDCO in ta ɗauke sai janareto, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da inji don mutum ɗaya ya zama abin lissafi. Masu hali sun koma sola. A irin wannan matsi ne wasu ke faɗawa cikin jarabar cewa "ya hau" alhali ba su tabbatar ba. Dattijon da bai iya karatun boko ba, ba shi da abin da zai riƙe sai maganar da aka faɗa masa. Shagon kirki ba ya sallamar mutum sai ya buga masa takardar shaidar kammalawa, ya rubuta masa imel ɗinsa da kalmar sirrinsa a bayanta.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Akwai masu yi wa mutum rajista da lambar wayarsu ko imel ɗin shago don sauri, sai ya zama duk saƙon da hukuma ta aiko, kiran tantancewa ne ko canjin kalmar sirri, shago yake zuwa. In shagon ya rufe ko mai shi ya bar gari, shi ke nan. Haka nan kwamfutocin da yawa cike suke da katin NIN da takardun haihuwa da hotunan ɗaruruwan mutane, a buɗe, duk yaron da ya zauna zai gani. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka, amana ce aka miƙa. Na ga masu shagon da ke tura wa mutum fayilolinsa a waya su goge nasu kwafin a gabansa, kuma irin waɗannan ne nake tura 'yan uwana wurinsu.

Waya ta canza fasalin kasuwar. Ɗalibin yau yakan fara gwadawa da kansa a ɗaki, in komai ya tafi daidai, mai kafe ba zai gan shi ba. Aikin mai sauƙi ya ragu, mai wuya ne ke isowa shago. Kyamarar waya kan fitar da hoto mai megabayit da yawa, an ɗauke shi a karkace da inuwar hannu a kai. Wayoyin iPhone kuma tun 2017 suna ajiye hoto a nau'in HEIC, wanda fotal da yawa ba su san shi ba, sai an juya shi zuwa JPEG. Canza wutsiyar sunan kawai ba ya juya shi, ko da yake da yawa suna gwada hakan. Sai matashi ya shigo da fom rabi a cike, kalmar sirri ta ɓace, lambar da aka yi rajistar da ita ta yayansa ce da ke Legas, an kuma riga an cire kuɗi. Maigida yakan jawo masa kujera, ya karɓi wayar, kafin ya buɗe komai ya tambaye shi: wace lamba ce ta fito maka, kuma bayan ta fito, sau nawa ka sake dannawa?